Ƙwallon Ƙarfen da Ya Ɓace a Sorkuduk

Ranar Laraba da safe aka buɗe ɗakin ajiyar makarantarmu, aka tarar ƙwallon babu shi. Kwaɗo na nan a kulle. Sojan gadi na nan a ƙofa da bindigarsa, yana ta hamma. Buhunan fulawar yara ko ɗaya ba a taɓa ba. Abin da gwamnati ta turo mutum tara da mota uku su duba, shi kaɗai ne ya yi ƙafa.

Kafin shayin safe ya huce, Sorkuduk kaf ta gama yanke hukunci cewa Tilek ne. Tilek kuwa ni ne.

Ba zan ce ba su da hujja ba. Ni na ɗauki bidiyon abin ranar da ya faɗo, da la'asar sakaliya, yana tafe yana feshin koren haske, ya karkace kamar baƙon da ya ɓata gida, sannan ya dira bayan maƙabarta. Ni na saka shi a intanet. Mu nan tun ba a haife ni ba ƙarfe ke faɗo mana duk sanda aka harba roka can kudu, rabin rumfunan tumakin garin nan da shi aka rufe su, ba ma dai faɗa ne saboda an hana tsinta. Amma abin da na sani faranti ne da bututu. Wannan dunƙulalle ne kamar ƙatuwar tukunya, ba baki ba kunne, kuma a takarda ranar ba a harba komai ba. Shi ne babban birni ya ce abu ne da ba a san asalinsa ba, ya shafi tsaron ƙasa, aka turo kwamiti.

Shugaban tsaron kwamitin, Manjo Ospanob, ya zaunar da ni a ajin 'yan aji uku, a kan bencin da gwiwata ke taɓa haɓata. Ya karanto min saƙon wani Bature da ya tambaye ni ko abin na sayarwa ne, da amsar da na ba shi cewa ya kawo mota sabuwa da ƙanwarsa mu yi magana. Na ce wasa ne, ranka ya daɗe, ban ma ga hoton ƙanwar ba. Bai yi dariya ba. Ya ce an ga sawun babur ɗina a bayan makaranta, sabo fil. Na ce gaskiya ne, da asuba na zo, intanet ɗin kwamiti nake tatsa ta jikin katanga, namu sai ka hau rufi ka ɗaga hannu. Wannan ma ya rubuta shi a cikin laifuffukana.

"Gobe da azahar jirgi zai zo ɗaukar mu," ya ce. "Ko ya tashi da ƙwallon, ko ya tashi da kai."

Na tambaye shi shekara nawa ake yi a kan irin wannan. Ya ce daga bakwai ake farawa.

* * *

Uwata ce ta je ta roƙi Kairgeldi. Mu Ata muke ce masa, kamar kowane kaka. Shekara arba'in yana bin sawun kyarkeci da ɓarayin dawaki, yanzu gwiwoyinsa sun gama aiki, yini yake a jikin bango yana shan rana. Ya ce ya gaji da neman abin da mutane suka ɓatar, domin in ka samo shi ba wanda ke farin ciki. Amma ya sa hularsa. Manjo ya yarda in riƙa jan sa a babur ɗina mai akwati a gefe, bayan ya karɓe wayata da katina na shaida. Ya san filin nan namu, in ka gudu yau, jibi ma ana hango ƙeyarka.

A ɗakin ajiya muka tarar da masaniyar kwamitin, Dakta Sandugash, durƙushe da safar hannu. Mace ce siririya mai furfura a gaban goshi, idanunta kamar ba ta taɓa barci ya ishe ta ba. Ta gaya mana shekara goma sha ɗaya ke nan tana bin fitilun sama daga wannan lardi zuwa wancan, kuma kusan kullum ko tauraruwar Zara ce, ko balan-balan ɗin masu auna yanayi, ko fitilar biki da iska ta kwasa. Wannan ne karo na farko da ta samu abin da za ta taɓa da hannu, kwana biyu kacal, ko gama auna shi ba ta yi ba.

Ta nuna mana wani farin abu da ya bushe a ƙasa inda ƙwallon ya zauna, da ɗigonsa a jere har bakin wata 'yar ƙofa ta baya. Ta ce da alama abin ya yi yoyo da aka mirgina shi. Ta kankare shi a 'yar kwalba, ta manna takardar sirri.

Ata bai kalli kwalbar ba. Kiyashi yake kallo, sun yi layi a kan ɗigon. Ya tambayi inda ƙofar ta fita, aka ce kicin, kuma kullum a kulle take ta can. Ya dafa kafaɗata ya durƙusa da ƙyar a dokin ƙofar, ya dangwali ɗigo ɗaya da yatsa ya kai harshe.

Dakta ta ce, "Ata, ba mu san ko mene ne ba."

"A shekaruna, 'yata, ko mene ne ya makara."

Na ce to me ya ɗanɗana, miyar mutanen sama? Ya ce in ɗaga shi. A waje kuma babu abin karantawa, domin garken gari gaba ɗaya ta bayan makaranta yake fita kiwo da safe, tumaki dubu sun share ƙasa tas. Sawun babur ɗina kaɗai ya tsira, da yake jikin katanga na lafe. Ka ji sa'a irin tawa.

* * *

Muka fara da Jaksilik ɗan gwangwan, wanda duk ƙarfen da ya faɗo a lardin nan ta hannunsa yake wucewa. Ni kaina shi nake zargi, har na shirya jawabin da zan yi in an kama shi. Muka same shi a ƙarƙashin motarsa, ƙafafu kawai a waje. Ya rantse da 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya, har da wanda ba nasa ba, cewa motar sati biyar ba ta motsa ba. Ata ya zagaya ta, ya nuna min ciyawar da ta tsiro ta lanƙwashe a jikin taya, da kazar da ta yi ƙwai a mazaunin direba.

Ata ya tambaye shi, da an kawo masa ƙwallon, zai saya? Jaksilik ya fito daga ƙarƙashin mota yana goge hannu, ya ce faranti e, bututu e, amma dunƙulalle ko kyauta ba ya so. Na ce tun yaushe ya fara zaɓen abinci? Ya kalli Ata, Ata ya kalle shi.

Sai malamin kimiyya, Baurjan, wanda ya saba riƙe mukulli na biyu na ɗakin ajiya. Shi murna ma yake. Ya ce ba sata ba ce, masu abin ne suka dawo suka ɗauki kayansu, ya shekara ashirin yana gaya wa yara ba mu kaɗai ba ne a sararin nan ana masa dariya. Ya fito mana da littafi guda na lissafin da ya yi. Mukullin kuwa tun Litinin Manjo ya karɓe, yana aljihun Manjo. Ata ya saurare shi har ƙarshe, ya sha shayinsa, ya tambaye shi ko masu abin suna da dabbobi. Baurjan ya ce wannan tambaya ce mai zurfi.

Da muka fito na ce, "Ata, rana ta karkata, ni kuma kana ta yawon shan shayi da rayuwata."

Ya ce in hau hanyar yamma, in wuce inda tumaki ke tsayawa.

* * *

Can bayan wurin kiwo, inda ƙasa ta koma fara-fara, ya ce in tsaya. Ni ban ga komai ba sai da ya zana min da sandarsa: wani shafaffen layi mai faɗin ƙirgin saniya, an ja shi da abu mai nauyi a kai, a gabansa kuma faffaɗan tafin raƙumi. Tsakanin raƙumin da kayan, ya ce, igiya ce doguwa ƙwarai, ta fi taku ashirin. A gefe ga sawun mutum da ƙafa, ƙaramin takalmin roba, taku gajere, ana jan ƙafar hagu.

Muka bi. Sawun bai nufi titi ba. Da ya kusa rijiyar farko sai ya lanƙwasa kamar baka, ya ba ta tazara mai yawa, ya dawo kan hanyarsa. Rijiya ta biyu ma haka. Wurin kwamin shayar da dawaki ma haka. Na ce wannan ɓarawon bai san gajeriyar hanya ba ne? Ata ya ce ai ɓarawon ya san kowace rijiya a ƙasar nan, shi ya sa.

Sai ya zauna a gefen akwatin babur yana murza gwiwa, ya ce iyakarsa nan.

Na ce wane irin iyaka, ga sawu shimfiɗe kamar layin dogo?

"In maciji ya shigo ɗaki, me kakarka take yi?"

Na ce ba ta bari a kashe shi. Madara take zuba masa a ka, ta ɗiga masa hanya har ƙofa, ta ce ya fita lafiya ya bar mu lafiya.

Ban ƙarasa rufe baki ba na gane. Farin abin da Dakta ta manna wa takardar sirri. Ata ya ce da gishiri-gishiri a harshe, ba ta saniya ba ce, ta raƙuma ce. A Sorkuduk kuwa bana raƙuma ɗaya ce ta haihu. Kuma da asubar nan, ina lafe jikin katanga kaina a cikin waya, na ji gurnanin raƙumi ta wajen kicin, ban ko ɗaga ido ba.

Raƙumar ta Ulbosin ce. Apa muke ce mata, kamar kowace dattijuwa. Shekara talatin tana dafa wa 'yan makaranta abinci, ni ɗin nan ta sha ɓoye min ƙanzon tukunya a aljihun rigarta lokacin da ubana ya rasu. Tana jan ƙafar hagu tun ina aji ɗaya.

Na ce me za ta yi da ƙwallon gwamnati? Ata ya ce wannan ita za ta faɗa in ta ga dama. Na ce to ni fa? Ya ce rana ta kusa faɗuwa, a mai da shi gida.

* * *

Alhamis da hantsi Manjo ya tara mu a ɗakin cin abincin makaranta. Jaksilik da baƙin mai a farce, Baurjan da littafinsa, sojan gadi, dattawan gari a jere jikin bango, uwata a bakin ƙofa ta ƙulle min kaya a ɗankwali. Apa na zagayawa da butar shayi kamar kullum, ba wanda ya ce ta zauna, ba wanda ya ce ta fita.

Ata ya yi bayani a zaune. Ya wanke Jaksilik da kazarsa, ya wanke Baurjan. Ya ce ba ta ƙofar soja aka fita ba, kuma babur ba ya jan abu da igiya taku ashirin. Ya ce wanda ya ɗauka ba sayarwa zai yi ba, tsoron abin yake, ya nisanta shi da jikinsa, ya nisanta shi da ruwan mutane. Sannan ya ce wa Dakta ta buɗe kwalbarta ta sansana. Ta buɗe, ta sansana, ta rufe ido.

"Madarar raƙuma ce," Ata ya ce. "Ba a sace shi ba, raka shi aka yi."

Manjo ya ce, "Suna nake so, dattijo."

"Ni sawu nake karantawa. Sawu ba ya rubuta suna."

Duk wanda ke ɗakin nan in ban da baƙi ya san raƙumar wa ta haihu. Dattawa suka sunkuyar da kai cikin kofunansu. Manjo ya juyo kaina, ya ce an ce bakina ba ya rufuwa, ga dama, kalma ɗaya in koma gida. Uwata na kallona. Wallahi sunan ya zo har bayan haƙorana. Na ce masa ni ban san komai a kan raƙuma ba, ko nonon akuya ɓata min ciki yake. Ba wanda ya yi dariya, ni ma ban yi ba. Ya duba agogo ya ce wa soja ya kawo ankwa.

Apa ta zo gabansa da buta. A wurinmu baƙon da ake so ɗan kaɗan ake zuba masa, don ya daɗe ana ƙara masa. Ta cika kofin Manjo har ya tumbatsa a kan tebur.

"Ni na fitar da shi," ta ce. "Ranar Litinin na ce maka kada ka ajiye shi jikin fulawar yara. Ka ce in koma kan tukunyata. Na koma."

Manjo ya tambaye ta ko ta san abin da ta taɓa. Ta ce ita kuwa ta sani, su ne ba su sani ba. Mijinta Sagindik ya taɓa tsintar irinsa, ya sa zarto zai raba shi biyu ya yi wa tumaki kwami. Wani ruwa mai warin ruɓaɓɓen kifi ya fito. Bai kai kwana arba'in ba ya rasu. 'Yar da take ɗauke da cikinta a lokacin ba ta taɓa takawa ba har ta koma. Tun daga nan, in dunƙulalle ya faɗo, manya ba sa gaya wa yara, ba sa gaya wa hukuma, madara ake zuba masa a raka shi.

Dakta ta ce, a hankali, "Apa, raka shi ina?"

"Wurin 'yan'uwansa."

* * *

Fakon gishiri ne, tafiyar awa guda a mota, inda ko ƙadangare ba ya zama. Ban taɓa zuwa ba, tun muna yara ake ce mana ƙasar wurin na haɗiye doki. Namu na nan a kan ƙirginsa, da busasshiyar madara a ka. A kewayensa kuma wasu ne, rabi a binne, rana ta ƙone su sun yi shuɗi-shuɗi. Na ƙirga ashirin da shida. Dattawan da suka biyo mu suka tsaya nesa ta inda iska ke tasowa, kowa na nuna nasa da haɓa, wannan shekarar da aka yi babbar dusar ƙanƙara, wancan shekarar auren wane.

Dakta ta sa abin rufe hanci ta je ta goge gindin wani tsoho daga ciki. Lambobi ne a jiki, da haruffa irin waɗanda aka koya mana a aji ɗaya. Ta koma kan namu ta kankare inda ya ƙone, ta samu irinsu. Ta ce tankin mai ne na roka. Ta zauna a ƙasa daɓas, a kan gishirin, ta daɗe ba ta tashi ba. Baurjan ya rufe littafinsa ya koma mota.

Manjo ya yi ta kai da kawowa yana shan taba. Ni na riga na gano abin da ke cin sa, don ba a banza na yi shekara biyu ina sayar da waya a kasuwar birni ba. In ya kama Apa, sai ya rubuta inda aka samu ƙwallon. In ya rubuta wurin, sai ya rubuta abin da ke gefensa: abu ashirin da bakwai da takarda ta ce ba su taɓa faɗowa kusa da mutane ba, ɗaya ma a ranar da takarda ta ce ba a harba komai ba. Wanda ya kai wannan rahoton babban birni, shi za a fara tambaya wa ya aike shi.

Ya tsaya a kan Dakta ya ce me za ta rubuta.

"Abin da na saba," ta ce, ba ta ɗago ba. "An ga haske a sama. Ba a samu komai a ƙasa ba. Ba a gano asalinsa ba. Babu barazana ga tsaron ƙasa."

Abin da ba a samu ba kuwa ba a sace shi ba. Manjo ya miƙo min katina, ya ce wayar ta zama ta hukuma, kuma in ya sake ganin fuskata a intanet zai dawo da kansa. Kafin jirgi ya sauka, Dakta ta sa Apa ta lissafa mata rijiyoyin gari, ta bi su ɗaya-ɗaya ta cika ƙananan kwalabe, ta zuba a jakarta ta hannu, ba a akwatin kwamiti ba. Ta ce ba ta yi alkawarin komai ba. Apa ta ce ba wanda ya tambaye ta, ta tafi ɗora abincin rana.

Da la'asar na ɗauki Ata zan mai da shi jikin bangonsa. Mun yi rabin hanya na rage wuta.

"Ata, da Apa ba ta yi magana ba, da ka faɗi sunanta?"



"A'a."

"Sai a tafi da ni ke nan."

"Na auna," ya ce. "Shekararka ashirin da biyu. In sun ba ka bakwai, za ka fito da haƙoranka. Ita ba za ta ga ƙarshen hunturu ɗaya a can ba."

Na ƙara wuta.

"Bi a hankali," ya ce. "Akwai rami a gaba."